Shin Tausayi Ne A Zaunar Da Mai Jiri?

Tambayar da muka ɗora a kan wannan shafi za ta yi kama da wadda ba ta bukatar amsa. Wanda jiri ke ɗiba, ai abin da hankali ya ba kowa shi ne a kama hannunsa, a shimfiɗa masa tabarma, a ce ya huta har abin ya wuce. Haka iyayenmu suka yi, haka kuwa ya dace da jirin zazzaɓi, da na yunwa, da na mace mai juna biyu, gama irin waɗannan baƙi ne, sukan kwana su tashi. Amma akwai wani jirin da yakan shigo sannu a hankali, ya share wuri ya zauna shekara da shekaru, kuma ga mai irinsa tabarmar nan da aka shimfiɗa da kyakkyawar niyya tana iya zama mafi munin abin da aka yi masa. Saboda haka muka ga ya kamata mu auna wannan magana, musamman domin mutanen ƙasar Birnin Gwari, su Tabanni da Kuyello da Dogon Dawa, inda asibitin da zai gane cutar yake da nisa, maƙwabci kuwa yana kusa, kuma abin da maƙwabcin ya yi shi ne yawancin maganin da majinyaci zai samu.

Sai mu fara da sanin abin da ke tsayar da mutum a kan ƙafafunsa. Tun zamanin Aristotil, masanin nan na ƙasar Girka, ake koya wa yara cewa ƙofofin da jiki ke sanin duniya da su guda biyar ne, watau gani, da ji, da sansana, da ɗanɗano, da taɓawa. Masanin ya tsallake ɗaya, ba kuwa za mu ga laifinsa ba, domin ita wannan ƙofa muddin tana aiki ba wanda ya san da ita. Can cikin ƙashin kai, a bayan dodon kunne, akwai wasu 'yan bututu guda uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, da wasu 'yan jakunkuna biyu masu ɗauke da tsakuwoyin da ido ba ya iya gani. In mutum ya juya kai, ruwan ya motsa. In ya sunkuya ko ya miƙe, tsakuwoyin su zame. Kowane motsi kuma akwai jijiyar da ke kai labarinsa ga ƙwaƙwalwa, dare da rana, daga kunnen dama da na hagu. Sai a shekarun 1820 ne wani Bafaranshe mai suna Flourens ya yanke waɗannan bututu a kunnen tattabaru, ya ga sun kasa riƙe kawunansu, suna ta wuntsilawa. A 1861 kuma likita Ménière na birnin Faris ya nuna cewa hajijiya tana iya fitowa daga kunne, alhali kafin nan ƙwaƙwalwa kaɗai ake zargi.

Ƙwaƙwalwa ba ta dogara ga kunne shi kaɗai. Tana haɗa labarinsa da na ido, da na tafin ƙafa da gaɓoɓi, kamar yadda tukunya ke zama a kan duwatsun murhu guda uku. Cutar da muke magana a kanta tana taɓa ɗaya daga cikin duwatsun. Wani ƙari ne da ke tsirowa a jikin jijiyar da ta taso daga cikin kunne zuwa ƙwaƙwalwa. Likitoci na ce masa akustik niyuroma, mu kuwa sai mu ce ƙarin jijiyar kunne. Yana tsirowa ne daga rigar da ta lulluɓe jijiyar, wadda aka sa wa ƙwayoyinta sunan Theodor Schwann, Bajamushe ɗan Katolika da ya koyar a jami'ar Luben ta ƙasar Beljiyam. An fara bayyana shi a rubuce a 1777, a birnin Laidin na ƙasar Holan, sa'ad da likita Sandifort ya tarar da shi a kan wani mamaci da ya yi fama da kurumta. Wannan ƙari ba kansa ba ne, ba ya yaɗuwa zuwa wasu sassan jiki, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Girmansa sannu ne ƙwarai, sau da yawa milimita 1 ko 2 a shekara, wani ma sai ya tsaya cik ya daina girma. Ya fi kama masu shekara 40 zuwa 60, kuma kusan kullum kunne ɗaya yake taɓawa.

Alamunsa sukan zo ne a ɓoye. Jin kunne ɗaya ya riƙa raguwa kaɗan-kaɗan, har mutum ya lura kullum yana mai da waya ɗaya kunnen. Wata ƙara ta zauna a wannan kunne kamar kukan gyare, ba dare ba rana. Sa'an nan ƙafa ta fara rashin tabbas: yana tafe sai ya ji ana jansa gefe guda, in ya waiwaya da sauri sai duniya ta yi ɗan jinkiri kafin ta biyo shi. Hajijiya mai juya ɗaki gaba ɗaya ba ta cika yawa a wannan cuta ba, abin da ya fi yawa shi ne layi da tangaɗi da nauyin kai. Kada kuwa wani ya karanta wannan ya tsorata. Mafi yawan jirin da ke damun jama'a daga zazzaɓin cizon sauro yake, ko ƙarancin jini, ko hawan jini, ko ƙishirwa, ko kuma 'yan tsakuwoyin nan ne suka kauce daga mazauninsu, abin da likita kan gyara da juya kan mutum cikin 'yan mintoci. A ƙasashen da ake ƙirgawa, waɗanda ake samu da wannan ƙari ba su wuce mutum 1 zuwa 4 cikin 100,000 a shekara ba. To, amma ƙidayar 2006 ta ba Ƙaramar Hukumar Birnin Gwari mutum sama da 250,000. In lissafin can ya yi daidai da namu, ashe kowace shekara akwai 'yan mutane a ƙasar nan da abin ke fara musu, kuma su taru a kan na bara da na bara waccan, ba tare da kowa ya san sunan abin da ke damunsu ba.

Yanzu mu ɗauki irin wannan mutum mu ajiye shi a Tabanni. Da a babban birni yake, inda daɓe yake a shimfiɗe, fitila kuma tana ci har asuba, da duwatsun biyu da suka rage, watau ido da ƙafa, sun ɗauke masa yawancin nauyin. Amma manomi a kan kunya yake yini, ƙasa mai tudu da kwari, wadda in damina ta yi nisa take santsi a ƙarƙashin ƙafa. In dawa ta yi tsawo iska na kaɗa ta, ido ma ya rasa abu tsayayye da zai kama. Mace kuwa da tulu ko itace a kai take dawowa, kuma ɗaukar kaya a ka aiki ne da ke neman wannan ma'auni na cikin kunne fiye da kowane aiki. Ga tsallake rafi a kan gungume. Ga ranar kasuwa, inda dubban kawuna ke kai da komo, da hayaniyar da kunne ɗaya ba ya iya tacewa, har mutum ya koma gida a gajiye kamar wanda ya yi noman yini, alhali gishiri kawai ya je saye. Wannan gajiya gaskiya ce. Abin da sauran mutane ke yi ba da saninsu ba, shi da tunani yake yinsa, taki bayan taki, kuma tunani yana cin ƙarfi.

Mafi tsanani shi ne dare. Da rana ta faɗi ido ya janye, tukunya ta koma kan dutse ɗaya da rabi. Mutumin da ya je gona ya dawo da ƙafarsa, sai ga shi ya kasa kai kansa bayan gida ba tare da dafa bango ba. Mutanen ƙasar nan kuwa sun san abin da dare yake nufi. Shekaru da dama 'yan bindiga suka yi suna fitowa daga dazuzzukan Kamuku da Kuyambana. A watan Mayu na 2018 sun kashe mutum fiye da 40 a Gwaska a rana guda, kuma ƙauyuka da yawa sun san kwanan daji. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya je Birnin Gwari aka yi sulhu, aka sake buɗe kasuwar shanu da ta daɗe a rufe. Amma a tuna da mai ƙarin jijiyar kunne a waɗancan darare. Da kunne biyu ne ake gane inda ƙara ta fito. Mai kunne ɗaya yana jin harbi ko rurin babura, amma bai san ko daga gabas suke ko daga yamma ba. Gudu kuma cikin duhu, a kan ƙasa marar daidai, shi ne ainihin abin da jikinsa ya kasa. Ga irin wannan mutum, iya tafiya da ƙafarsa ya wuce maganar jin daɗi, yakan kai ga maganar rai.

Kafin mu zo ga tausayi, akwai wani abu da ke riga shi isowa, shi ne zato. Namiji mai shekara 50 da ke layi a hanya da hantsi, an kira shi bai waiwayo ba, kowa ya san abin da za a ce: ya biya gidan burkutu. In a layin karɓar Jibin Ubangiji ya yi tangaɗi, kafin a fito daga Misa magana ta kai kunnen katikis. In mace ce, sai a ce iska ce, ko kishiya ta yi mata asiri, ko kuwa ƙyuyar zuwa rafi take. Wanda aka gaishe shi ta gefen kunnen da ya mutu bai amsa ba, shi kuma ya zama mai girman kai. Littafin Sama'ila na fari ya ba mu labarin Eli firist, wanda ya ga leɓunan Hannatu suna motsi ba murya, ya yanke cewa a buge take, alhali baƙin cikin rashin haihuwa take kai wa Allah. Abin da idonsa ya gani daidai ne, fassarar da ya yi wa abin ce ta kauce, kuma ba banza ba Littafi Mai Tsarki ya bar wannan kuskure a bakin firist. Katikisma ta Ikilisiya ta lissafta gaggawar yanke wa mutum hukunci cikin laifuffukan da suka saɓa wa doka ta takwas, Bahaushe kuma ya riga ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Ba za mu daɗe a nan ba, domin kowa ya yarda wannan mugun abu ne. Illarsa dai ita ce, wanda aka yi wa dariya sau biyu a hanya ba ya sake fitowa.

Abin da ya fi wuyar ganewa shi ne cutarwar da ke zuwa daga masoya. Da iyali suka gane cewa mai gida ba shi da lafiya, sai kowa ya tashi tsaye: “Baba, zauna, kada ka faɗi.” 'Ya'ya su karɓe fartanya. Uwargida ta kawo ruwa har inda yake. Zumuntar Mata su zo gaisuwa su ƙara da cewa ya dai kwanta ya huta. Katikis ya ce ba sai ya wahala zuwa coci ba, za a kawo masa Jibi gida. Kowannensu da zuciya ɗaya ya yi, kuma mai gida ya ji daɗi, gama in yana zaune bai motsa kai ba, jirin yakan lafa. Bayan wata shida sai a tarar ko tsakar gida ba ya iya ratsawa, a ce ciwo ya ci gaba. Sau da yawa kuwa ƙarin yana nan yadda yake, zaman ne ya ci shi.

Dalili kuwa shi ne, Mahalicci ya ba ƙwaƙwalwa wata baiwa ta koyon sabon lissafi. In kunne ɗaya ya fara kawo labari gurgu, tana iya koyon rage dogara gare shi, ta ƙara jingina ga ɗaya kunnen da ido da ƙafa, har tafiya ta koma kusa da daidai. Sai dai ba ta koyon wannan a kwance. Sai mutum ya juya kai, ta yi kuskure, ta ji ta yi kuskure, ta gyara, a sake, sau ɗaruruwa. Jirin da ke tasowa lokacin motsi shi ne allon da take karatu a kai. A shekarun 1940, a birnin Landan, likitoci biyu, Cawthorne da Cooksey, suka lura cewa cikin majinyatan da wannan ma'auni ya lalace musu, waɗanda suka tashi suna motsi da wuri sun fi waɗanda suka kwanta saurin samun kansu. Daga nan suka tsara wasu motsa jiki da har yau ake koyarwa: mutum ya kafa ido a kan abu ɗaya yana juya kai hagu da dama, ya sunkuya ya ɗauki abu a ƙasa, ya tashi ya zauna, ya yi tafiya yana waige, ana ƙara wuya a hankali, kullum, har makonni da watanni. Haka ma ƙwayoyin kashe jiri da ake saya a kemis, irin su Stugeron da Stemetil, suna da amfani na 'yan kwanaki lokacin da abin ya yi tsanani da amai, amma wanda ya mai da su abin sha na kullum yana dusashe wa ƙwaƙwalwa darasin da take bukata. Tabarma da ƙwaya, aikinsu ɗaya ne a nan: sauƙin yau, da bashin da za a biya baɗi.

To, me za mu kira abin da iyalin nan suka yi? Waliyyi Toma Akwinas, yana bin sawun Waliyyi Agustin, ya raba tausayi gida biyu. Akwai zafin da zuciya ke ji in ta ga wani cikin wahala, wannan motsin rai ne kawai, ko dabba tana da irinsa. Akwai kuma tausayin da ya kai matsayin halin kirki, shi ne sa'ad da hankali ya riƙe linzamin wannan zafi ya nufe shi ga abin da zai amfani mai wahalar da gaske. Bambancin yana da muhimmanci, domin na farkon yakan nemi sauƙin kansa ne. Wanda ke kallon mahaifinsa yana layi a tsakar gida, gabansa ne ke faɗuwa. In ya zaunar da shi, faɗuwar gaban ta tsaya. A tambaya fa, wa aka yi wa magani a nan, uban ko ɗan? Ba muna cewa ɗan mugu ne ba. Muna cewa ne kallon wanda kake ƙauna yana fama, kana tsaye kusa hannunka a shirye amma ba ka kama shi ba, ya fi kama shi wuya nesa ba kusa ba, kuma a wannan cuta mai wuyar shi ne ake bukata.

Paparoma Piyus na 11, a wasiƙarsa ta 1931 a kan zaman jama'a, ya kafa wata ƙa'ida cewa rashin adalci ne a karɓe wa mutum abin da zai iya yi da ƙoƙarin kansa a miƙa wa jama'a su yi masa. Maganar gwamnatoci da ƙungiyoyi yake yi, amma ƙa'idar tana aiki har a tsakar gida. Manomin da aka karɓe wa fartanya an karɓe masa fiye da ƙarfe da ƙota. An karɓe masa dalilin tashi da asuba, da bakin magana a kan abin da za a shuka, da matsayin mai ciyarwa. Macen da aka hana dosar murhu da rijiya da kasuwa gaba ɗaya ta zama baƙuwa a ɗakinta. Likitoci sun daɗe da sanin cewa jiri mai daɗewa da tsoro da baƙin ciki suna ciyar da juna: tsoron faɗuwa ya hana fita, rashin fita ya ƙara jiri, jiri ya ƙara tsoro. Duk taimakon da ya shiga wannan zagaye ta wajen ƙara zama, gyaran gangar Auzinawa ne.

Wani zai ce, to in ya faɗi fa? Tambaya ce mai nauyi, bai kamata a wuce ta da sauri ba. Dattijon da ya karye a ƙugu a Tabanni, da nisan asibiti da halin hanya, yana iya rasa ransa a kan wannan karayar. Akwai kuma wuraren da faɗuwa ɗaya ta isa: bakin rijiya, kan tsani ko jinkar ɗaki, kusa da wuta da tafasasshen ruwa, ramin haƙar zinariya, tuƙa babur, da shiga ruwa mai zurfi, inda mai irin wannan ciwo yana iya rasa sanin ina ne sama ina ne ƙasa. A waɗannan wurare hanawa ita ce ƙauna. Ashe ke nan ba za a iya ba da doka ɗaya da za ta hutar da mu daga tunani ba. Dole a zauna a rarrabe, wane haɗari ne na ƙujewar gwiwa, wane ne na kabari. Na farkon a bar shi ya ɗauka, har a ƙarfafa shi. Na biyun a tsare shi. Wannan rarrabewa ita ce magabata suka kira hikimar aiki, suka kuma sa ta gaba da sauran kyawawan halaye, domin ita ce ke nuna wa kowannensu gwargwadonsa.

Akwai kuma iyakar da ba za a tsallake ba. Jikin nasa ne. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wannan ciwo yana da ranaku: yau ya tashi garau, gobe bayan rashin barci ko zazzaɓi ko doguwar tafiya a mota ya kasa ɗaga kai. Wanda ya karanta wannan shafi ya koma gida yana yi wa majinyaci tsawa cewa Fada ya ce ka tashi, bai fahimce mu ba, ya dai sauya wa zato riga ne, daga mashayi zuwa rago. Shi ma majinyacin yana da nasa rabon aikin da ba mai yi masa. Ana bukatar ya yarda ya shiga cikin abin da yake tsoro kullum, da gangan, ɗan kaɗan, ya tsaya in ya yi yawa, gobe ya sake. Mun saba yabon haƙurin mai ciwo da ke kwance shiru. Akwai wani haƙurin da ba a cika yabo ba, na mutumin da ke zagaya tsakar gida sau goma yana juya kai kamar wawa, yara na leƙe, domin yana so watan gobe ya kai gona. A ganinmu na biyun bai gaza na farkon daraja ba.

Duk wannan ba ya maye gurbin asibiti. Wanda jin kunnensa ɗaya ke raguwa, ko ƙara ta zauna masa a kunne ɗaya, balle in da tangaɗi, ya kamata a kai shi a auna jinsa. A Kaduna akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, a Shika kusa da Zariya kuma akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello. Awon ji shi ne matakin farko, hoton ƙwaƙwalwa na MRI kuma shi ke tabbatar da ƙarin. In ƙarami ne, sau da yawa likitoci kan bar shi su riƙa sake hoto lokaci-lokaci. Wani akan gasa shi da haske mai ƙarfi don ya daina girma, hanyar da likita Leksell ya fara gwadawa a kansa a ƙasar Suwidin a 1969. Babba kuwa sai tiyata. A farkon ƙarni na 20 yawancin waɗanda aka yi wa wannan tiyata ba sa tashi. Aikin Harvey Cushing, wanda ya wallafa littafi a kanta a 1917, da na William House, wanda ya shigo da madubin ƙara girma cikinta a farkon shekarun 1960, su suka mai da ita abin da ake shiga a fito. Amma a sani, tiyata ba ta cika mayar da jin da ya riga ya tafi ba, kuma bayanta jiri yakan tsananta na 'yan kwanaki kafin ƙwaƙwalwa ta kama sabon karatu, watau maganar tashi da motsi tana nan ko bayan an yi aiki. In kuwa gefen fuska ya fara mutuwa, ko ciwon kai mai tsanani da amai da dishi-dishin gani suka shigo, ƙarin ya kai ga danne ƙwaƙwalwa ke nan, ba a jiran a sayar da amfanin gona.

A nan ne jama'ar Ikilisiya ke da aikin da mutum ɗaya ba zai iya ba. Daga garin Birnin Gwari zuwa Kaduna ya haura kilomita 100, kuɗin mota da na hoto sun fi ƙarfin yawancin gidaje, kuma mai kunne ɗaya yana bukatar ɗan rakiya da zai saurari likita tare da shi. Kuɗin da za a kashe kan lemo da burodin dubiya na wata shida, in an tara shi wuri ɗaya, ya kama hanyar biyan awon farko. Wannan kuma bai tsaya ga 'yan coci ba. Maƙwabcinmu Musulmi da ruku'u da sujada suka zame masa wahala, ciwonsu ɗaya da namu da ke kasa durƙuso.

Sauran kuwa ƙananan abubuwa ne. A cike ramukan tsakar gida, a kawar da turmi da igiyar akuya daga hanya. A ajiye masa tocila kusa da shimfiɗa, a ɗaura igiya ko a kafa sanduna daga ƙofar ɗaki zuwa bayan gida. A ba shi sanda, kada kuma a yi masa ba'a da ita, domin ko taɓa ƙasa kawai da take yi ƙarin labari ne ga ƙwaƙwalwa. A bar masa gonar da ke kusa da gida, ya yi aikinsa da safe ya dawo kafin magariba. A coci a ba shi wurin zama a bakin layi, inda kunnensa mai ji zai fuskanci bagade, in ya kasa durƙusawa ya zauna, in lokacin karɓar Jibi ya yi a bar shi ya taka da kansa. A kuma sanar da jama'a sunan ciwon, in ya yarda, don bakin masu zato ya mutu. Wanda zai raka shi hanya ya bi ta gefen kunnen da ke ji, ya ɗan ja baya da rabin taki, ya bar hannunsa kusa da gwiwar hannun majinyacin ba tare da ya riƙe ba. In sun zo tsallake rafi ko duhu ya kama su a hanya, sai ya ba shi kafaɗa.